Ranar da Na Rufe wa Kakanku Ruwa

'Ya'yana, akwai magana ɗaya da ta daɗe tana yawo a gidajen danginmu na Bakura, kuma na san kowannenku ya ji ta ta wani gefe. Cewa ake yi ni na tozarta kakanku, Baba Nomau, a gaban jama'a, shi ya sa bai zo sunan babban yayanku ba. Rabin maganar gaskiya ne. Na rufe masa ruwa yana tsaye a cikin gonarsa, kuma bai zo suna ba. Ɗaya rabin nake so in rubuta muku tun ina gani da idona, domin waɗanda abin ya faru a gabansu duk sun rasu, saura ni kaɗai.

Kun san ni ɗan mahauta ne. A Talata Mafara aka haife ni, a gidan da ƙarar wasa wuƙa take tashin mutum da safe. Amma ban zauna a rumfar fawa ba, yawo ya fi ƙarfina. Na bi shanu zuwa kudu tun gemuna bai fito ba, na ci kasuwar Ibadan, na ci ta Kumasi. Fulatanci a ruga na koye shi wajen ciniki, Turanci kuwa a bakin direbobi. Daga baya na kama hanyar Makka ta ƙasa, na yada zango a Sudan kamar yadda alhazan wancan lokaci suke yi, sai zangon ya zama shekaru. Auduga na noma musu a Jazira, a can Larabcina ya zauna. A can kuma na fara ganin ruwa yana tafiya bisa doka. Kowace gona da ranarta, kowace ƙofar ruwa da mai tsaronta. Idan lokacinka ya cika, mai tsaro zai rufe ko da kana cikin rantsuwa cewa saura fangali ɗaya a gonarka bai sha ba. Na sha zaginsa a zuciyata. Ban san wata rana ni za a zaga ba.

Da na dawo gida na tarar ana gina dam ɗin Bakolori. Garinmu ya cika da manyan motoci da baƙin harsuna. Turawan da suke aikin suna neman wanda zai tsaya tsakaninsu da leburori, ni kuwa ga baki. Na yi musu tafinta har na tsinci Italiyanci na gaisuwa da na faɗa. Da aka gama aka saki ruwa a cikin kanal, wato babbar magudanar simintin nan da kuka sani, sai wani injiniya da ya ji na zauna Jazira ya ce a ba ni tsaron ƙofofin wani ƙaramin reshe da ya nufi wajen Bakura. Aka miƙo mini makulli. Ba irin na ɗaki ba ne. Ƙarfe ne mai lanƙwasa kamar hannun tayar da injin niƙa, ana zura shi a kan ƙofar a juya, farantin ƙarfe ya ɗaga ruwa ya wuce, a juya baya ya sauka ruwa ya tsaya. A bayan kekena nake ɗaure shi.

Ina ma kun ga wurin a shekarun farko. Tsakar rani, ko'ina a ƙasar Hausa ya bushe ƙurmus, mu kuwa alkama kore shar har inda ido ya tsaya, balbelu suna bin bayan masu ban ruwa, mata suna wanki a matakalar kanal suna hira da ƙarfi don ƙarar ruwa. Na ga Nilu, na ga teku a Jidda, amma ban taɓa jin abin da nake ji ba idan na juya makulli da hantsi ruwa ya fito yana tura busasshen ganye a gabansa, ƙasa tana ƙamshi irin na ruwan farko. Mutanen da suka tsufa suna jan jigo da guga a bakin gulbi, sukan tsaya su zuba wa ruwan ido kawai.

Kakanku yana cikinsu. Manomin fadama ne tun kakanninsa. Kafin dam, gulbi ne yake shayar da su. Yakan cika ya malalo ya kwanta a fadama, ba wanda yake ce masa tashi, sai ranar da ya ga dama ya janye. Abin da kakanku ya sani game da ruwa shi ne a bar shi ya kwanta har ƙasa ta ƙoshi. Kalmarsa ke nan, ƙoshi. Yana duba launin ƙasa ya gane, yana taka ta da diddige ya gane. Agogo bai taɓa shiga wannan lissafi ba.

A ranin farko haka muka yi aiki. In na buɗe wa mutum, sai in jira. Idan ya gama sai ya ɗaga farin ƙyalle a kan gora, in hango daga bakin ƙofa in rufe, in buɗe wa na gaba. Ba a yanka wa kowa lokaci ba, domin a wurinmu ba a tsayar da mutum yana tsakar aiki, shi yake cewa ya gama. Sai ya zama na kusa da ƙofa suna sha har su yi ɓarna, na can ƙarshen reshe kuwa ruwa ba ya isa gare su sai rana ta yi sanyi, ga shi kafin magariba ake tsayar da na babban kanal gaba ɗaya. Da rani na biyu ya zo muka taru a gindin wata tsamiya, ni na kawo shawara daga abin da na gani a Sudan. Kowa da ranarsa a mako, kowace rana mutum biyu. Na farko daga hantsi zuwa kiran azahar, na biyu daga azahar zuwa tsayawar ruwa. Idan lokaci ya kusa zan buga wani guntun ƙarfen mota da na rataye a bishiya, don mutum ya kimtsa fangalinsa. Idan aka kira salla, ko an ɗaga ƙyalle ko ba a ɗaga ba, zan rufe. Kowa ya yarda. Kakanku ne ma ya fara cewa madalla, ya kuma yi addu'ar tashi.

To, a lokacin ina auren Innarku, Kulu, kuma ita ce 'yarsa ta fari. Ku da kuka tashi a birni ba za ku gane nauyin wannan ba. Bai taɓa kiran sunanta ba har ya koma ga Allah, “waccan” yake cewa. Ni kuma ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa wuce shi da takalmi a ƙafa ba, ban taɓa fara masa magana ba in ba gaisuwa ba. Ba ƙiyayya ba ce, yana sona ƙwarai. Raken farko da dankalin farko gidana suke zuwa. Idan na je gaisuwa na tsuguna a zaure, sai ya juya ga wanda yake kusa da shi, ni ina nan zaune, ya ce:

“A tambayi Alhajin Sudan, shin gulbin can nasu ya kai namu?”

Ni kuma in dubi ƙasa in ba wancan mutumin amsa. Haka muke hira har la'asar, kuma daɗinta ba kaɗan ba.

Da aka raba ranaku, Laraba da safe ta faɗa kan kakanku. Wanda yake bin sa da azahar wani mutum ne mai suna Jabbi, daga wajen Maradun. Gonakin gidansu suna cikin waɗanda ruwan dam ya kwanta a kansu, aka ba shi fili a can ƙarshen reshenmu. Baƙo ne a cikinmu, ba shi da kowa a Bakura, ba shi da wata gona sai wannan. Alkama ya shuka duka. Mutum ne siriri mai ƙarancin magana, in yana gaishe ka sai ka matsa kusa.

Makonnin farko lafiya lau. Matsala ta fara ne lokacin da alkama ta yi ciki, lokacin da ba ta haƙurin ƙishi ko kaɗan. A gonar kakanku akwai wata kusurwa mai tudu, inda tsohon shuri yake kafin a baje filin. Ranar wata Laraba na buga ƙarfe, na jira, aka kira azahar, ban ga ƙyalle ba. Na hango shi tsaye da fartanya a wajen kusurwar nan yana jiran ruwa ya hau. Na sa makulli a kan ƙofa, hannuna ya ƙi juyawa. Na ce bari in yi salla tukuna. Na idar, ba ƙyalle. Na ce bari in ƙara masa kaɗan. Kaɗan ɗin nan ta kai mu la'asar. Ruwa kuwa yana ɗaukar lokaci kafin ya gangara ƙarshen reshe, don haka abin da Jabbi ya samu bai wuce na jiƙa fangali uku na bakin gona ba. Laraba ta biyu haka aka sake yi, har ta fi ta farko muni.

Da na koma gida na sami Innarku tana tankaɗe, cikin yayanku ya tsufa, da ƙyar take sunkuyawa. Na faɗa mata abin da ake ciki, na ce ko za ta je Bakura ta yi wa Baba magana. Ta ajiye rariya ta dube ni.

“Malam, ni? Mutumin da ko sunana ba shi faɗi, ni zan tahi in ce mishi Baba ruwanka ya yi yawa?”

“To ki faɗa wa Inna ta faɗa masa.”

“Inna ta ce mishi mi? Surukinka ya aiko a koya maka noma?” Ta ɗauki rariyarta. “Kai da ka iya harshe biyar, ka nemi guda da ake faɗin wagga magana da shi.”

Na yi dariya, amma gaskiya ta faɗa. Da Larabci na san yadda zan faɗe ta, kalma biyu ce. Da Italiyanci ma na ji yadda suke faɗa wa juna, har da buga tebur. Da Hausa kuwa, daga bakin suruki zuwa kunnen suruki, na duba ban sami hanya ba.

Ranar Talata ina kasuwa wajen rumfar yayana, sai ga Jabbi. Ya gaishe ni gaisuwa mai tsawo, ya tambayi gida, ya tambayi mai ciki, ya tambayi gajiya. Sannan ya zura hannu a aljihun taguwarsa ya fito da zangarniyar alkama guda huɗu ya ɗora a kan teburin nama. Bakinsu ya yi fari, ganyen ya naɗe kamar tsinke.

“Malam Ummaru, ban zo ƙara ba,” in ji shi. “Na san surukinka na. Ko ni na, ba ni iyawa. So nike ka hwaɗa min gaskiya, in gobe ma haka za a yi, in sani. Sai in yanke ta in ba dabbobi tun da sauran ɗanye.”

“Gobe da azahar ruwa naka ne.”

Ya dubi zangarniyar.

“Haka munka yi da kai a gindin tsamiya,” ya ce a hankali, ya yi mini sallama ya tafi.

Bai ɗauki alkamarsa ba. Yayana ya ture ta gefe da bakin wuƙa ya ce mini, “Kai dai ka ɗauko wa kanka aiki.”

Mutum ɗaya ce a duniya take iya faɗa wa kakanku duk abin da ta ga dama, Gwaggo Tumba. Taubashiyarsa ce, 'yar ƙanen mahaifiyarsa, kuma kun san tsakanin taubasai ba a fushi. Fura take sayarwa a kasuwar. Na same ta a bayan ƙwaryarta na tsuguna na zayyana mata komai. Ta saurare ni tana dama wa wani fura, ba ta ko ɗago kai ba.

“Wato tsohon banzan nan ya shanye ruwan bayin Allah, ku kuma duk kun tsaya kuna kallo nai kamar sarki.”

“Gwaggo, a dai bi shi a hankali.”

“A hankali? Ni da na san shi tun yana yawo ba wando? Bar ni da shi. Gobe ni za ni kai mishi hura gona.”

Ranar Laraba na buɗe masa da hantsi kamar kullum. Amma maimakon in zauna a bakin ƙofa, sai na zagaya ta bayan gonar, ta wajen wani ɗan kwari da ruwan sama yake bi. Ina zuwa na ji ƙarar ruwa inda bai kamata a ji ba. Gafiya ce ta yi rami a ƙarƙashin gaɓar gonar, ciyawa ta rufe bakinsa. Ruwan da nake sakar wa kakanku yana shiga ta gaba yana fita ta nan, yana gangarawa kwari yana tafiyarsa. Ko kwana bakwai zan bar masa ƙofa a buɗe, ruwa ba zai taɓa hawa kusurwar nan ba. Mako biyu ke nan yana jiran abin da ba zai zo ba, ni ina jiransa, Jabbi yana jirana.

Za ku ce me ya hana in je in faɗa masa. Ku tuna wane ne shi. Mutumin da ake zuwa daga ƙauyuka a tambaye shi ranar shuka. Ni ɗan mahauta, mijin 'yarsa, in je in ce masa gonarka tana yoyo ba ka sani ba, ga ma'aikatansa suna ji. Na tari Gwaggo Tumba a hanya na faɗa mata, na roƙe ta ta ja shi gefe ta faɗa masa a asirce. Nan na yi kuskure na biyu, domin Gwaggo Tumba ba ta san asirce ba. Tun daga bakin gona ta ɗaga murya.

“Kai Nomau! Sarkin noman gafiya! Mako biyu kana ba ta ruwa, ta aiko a yi maka godiya, ta ce ɗiyanta duk sun iya iyo!”

Masu aiki a gonakin kusa suka kwashe da dariya. Kakanku ma ya yi murmushi, don ba a fushi da taubashi, ya ce mata, “Ke dai kawo hurar, uwar surutu, in ba ruwa kika cika mata ba.” Amma na ga wuyansa ya sandare. Bai je ya duba ramin ba. Da a ce shi kaɗai ya gano shi, da tuni ya toshe. Yanzu kuwa zuwa dubawa ya zama amsa cewa mai fura da ɗan mahauta sun fi shi sanin gonarsa. Ya koma kusurwarsa ya tsaya.

Rana ta take. Na buga ƙarfe. Na hango Jabbi can nesa a bakin gonarsa, ya buɗe hanyoyin ruwa ya tsuguna yana jira, lauje a gefensa. Laujen nan na gani. Sai na yi abin da ban taɓa yi ba. Na tuɓe takalmina a bakin gona, na taka cikin laka har inda kakanku yake, na tsuguna. Na gaishe shi, ya amsa. Na tambayi gida, na tambayi sanyi, na tambayi aiki, duk ya amsa yana kallon ruwa. Da gaisuwa ta ƙare ba ni da sauran wurin ɓuya, na ce:

“Baba, lokaci ya yi kusa.”

Bai dube ni ba. Ya juya ga Gwaggo Tumba.

“A hwaɗa mishi ƙasa ba ta ƙoshi ba.”

“Ya jiya, ba kurma ba na,” in ji ta, amma wannan karon ba da wasa ta faɗa ba. “Nomau, ɗaga ƙyallen nan. Ɗaga shi da hannunka, ka hutar da yaron nan.”

Gorar tana kwance a gefensa, da farin ƙyallen ɗaure a kanta. Ya dube ta. Na rantse muku na ga hannunsa ya motsa. Sai ladan ya ɗaga murya daga ƙauyen da ke kusa, kowa a gonakin nan ya miƙe tsaye yana kallonmu, hannun ya koma kan fartanya.

Na tashi. Tafiyar daga kusurwar zuwa ƙofa ba ta da nisa, amma na yi tafiyar hamada da ta fi ta sauƙi. Na zura makulli na juya. Juyi goma sha wani abu ne, kowanne da ƙararsa. Kuma abin da ban faɗa muku ba game da ruwa shi ne, ba ya tsayawa lokacin da ka rufe. Wanda ya riga ya wuce ƙofa yana ci gaba da tafiya, yana raguwa, yana sirancewa, har ya zama zare. Duk tsawon lokacin nan kakanku yana tsaye yana kallonsa yana janyewa daga ƙafafunsa. Da ya ƙare, ya saɓa fartanyarsa, ya bi ta gabana ya wuce. Na durƙusa na ce, “A sauka lafiya, Baba.” Ya ce, “Madalla.” Furar ma bai sha ba.

Na buɗe wa Jabbi. Na bi ruwan da ƙafa har ƙarshen reshe, ina cire masa ciyawa a hanya don ya yi sauri. Da ya shiga gonar, ƙasar tana ƙara tana shanye shi kamar ana zuba shi a toka. Jabbi bai yi mini godiya ba, kuma bai kamata ya yi ba. Wajen rabin alkamarsa ta farfaɗo. Sauran ta riga ta tafi, kuma ba ranar ta tafi ba, a Larabobi biyun da na tsaya ina jin nauyi ta tafi. Wannan nawa ne, ba na kakanku ba. Shi bai ɗauki makulli ba, bai yi wa kowa alkawarin rufewa ba. Idan akwai abin da nake neman gafarar Allah a kansa cikin wannan labari, jinkirin ne, ba rufewar ba. Washegari da sassafe Jabbi ya je shi kaɗai ya toshe ramin gafiyar da duwatsu da laka, bai faɗa wa kowa ba, ni ma hango shi na yi daga nesa. Laraba ta gaba ruwa ya hau kusurwar tun kafin in buga ƙarfe.

Bayan kwana ashirin da wani abu aka haifi yayanku. Na aika Bakura cewa ina so in sa masa sunan Baba na yanka, Muhammadu. Aka dawo mini da amsa cewa an gode, amma a sa masa sunan mahaifina. Shi ya sa yayanku yake Abubakar. Ranar suna kakanku ya aiko da rago, babba, wanda ya fi nawa, amma shi bai zo ba. Innarku ta yi kwalliya ta zauna cikin mata, duk wanda ya yi sallama a zaure sai ta ɗaga kai. Har aka watse. Ba ta taɓa ce mini na yi laifi ba, ko sau ɗaya. Abin da ta yi kawai, daga ranar, in na dawo aiki sai ta kwance makullin daga bayan keke ta rataye shi a zaure. Bai sake kwana a cikin gida ba.

Raken farko ya daina zuwa. Ina zuwa gaisuwa, yana amsawa, amma ba a sake tambayar Alhajin Sudan labarin gulbi ba. Sunana ma ya canza. In zai ambace ni sai ya ce “mai makulli”. Na tuna a Jazira masu tsaron ƙofa yawancinsu ba 'yan garin da suke tsaro ba ne, daga nesa ake kawo su. Da can na ɗauka rashin yarda ne da mutanen gari. A shekarun nan biyu na gane tausayi ne. Mu kuwa da muka tashi, sai muka ɗauki makulli muka ba surukin mutum.

Rani biyu muka yi a haka. A na uku, wata Laraba, ina zaune a bakin ƙofa ina jiran lokacin buga ƙarfe, sai na ga kakanku ya baro gonarsa ya nufo ni. Bai taɓa zuwa bakin ƙofa ba. Na yi sauri na tuɓe takalmi na tsuguna. Ashe tun farkon ranin ya kafa wani kara a gefen gona, ya ja layi a ƙasa, yana auna lokacinsa da inuwa, don kada ƙarfena ya sake riga shi. Ya tsaya a kaina, ba kowa kusa da zai juya gare shi. Ya dubi hagu, ya dubi dama, ba Gwaggo Tumba, ba ma'aikaci. Dole ya dube ni.

“Mai makulli,” ya ce, “inuwa ta kai. Ruhe.”

Na saci kallon agogon hannuna. Saura kusan sulusin awa a lokacinsa, karan nasa yana gaggawa. Na ce, “To, Baba.” Na juya makulli. Ya tsaya har farantin ya sauka, ya ga na buɗe wa Jabbi, ya bi ruwan da ido yana gangarawa ƙarshen reshe. Sannan, yana kallon ruwan ba ni ba, ya ce:

“Shin can Sudan, su ma gafiya na yi musu haka?”

Na ce, “Tana yi, Baba. Tasu ma ta fi tamu girma.”

Ya ce, “Haba.” Ya gyara riga ya zauna a kan simintin ƙofa, ni ina tsugune a ƙasa, na ba shi labarin gafiyar Jazira har aka kira salla.

Daga ranar har ya daina zuwa gona, da inuwar karansa nake rufe masa, kullum kafin lokaci, kullum ragowar tana tafiya gonar Jabbi. Ban taɓa faɗa masa karan yana gaggawa ba. Na daɗe ina zaton bai sani ba. Sai bayan rasuwarsa Gwaggo Tumba ta ce mini ita ta riƙe masa karan ranar da ya kafa shi, kuma da ya ja layin inda inuwar azahar take faɗawa, sai ya share da ƙafa, ya matso da shi baya da taki ɗaya.

Makullin yana nan a zaure inda Innarku ta saba rataye shi. Ko bayan mun shirya da kakanku ba ta yarda ya shiga ciki ba, ni ma ban matsa ba. In kun zo ku bar shi a wurin.